Tsutsar da Ba Ta Cikin Littafina

Shekara goma sha bakwai ina koyar da darasin noma a wata sakandare a Kabo, ban taɓa riƙe fartanya a gaban ɗalibi ba. Abin da na riƙe shi ne wani tsohon littafin rubutu da na kwafo tun ina kwaleji, ya yi jawur, bangonsa ɗinke da zare. In karanto, su rubuta. Da babbar waya ta shigo hannuna sai na ce maƙogwaro ya huta: na ɗauki hoton shafukan na tura musu a zauren ajinmu na waya. Har kuri nake wa sauran malamai wai na shiga zamani.

Ran nan da damina, wata ɗaliba ta turo hoton masarar gonarsu, ganyen duk ya ɓuɓɓule. "Malam, mene ne wannan? Zai cinye mana gona." Duk aji sun gani, suna jiran amsa. Na juye littafin daga bango zuwa bango, babu ita. Ashe wata tsutsa ce da ta shigo ƙasar nan bayan na bar kwaleji, kuma ba ta nemi izinina ba. Kunya ta ishe ni.

Ranar Juma'a na je Mainika ta Gwarzo gaida mahaifina, manomin da ko bihim bai sani ba a boko. Na nuna masa hoton a fakaice, kamar abin hira.

"A cikin zuciyar masarar take ɓuya," ya ce. "A haɗa toka da yashi, a bi ɗaya bayan ɗaya ana zubawa, kafin ta yi ƙiba."

Na ce ya maimaita, na ɗauki muryarsa na tura zauren aji. Bayan mako biyu yarinyar ta turo hoton sabon ganye. Daga nan aji ya ƙwace mini. Wannan ya turo wake, wancan dawa, wata ta turo muryar kakarta tana musu da tsohona a kan taki. Saƙon kullum ɗaya ne: "Malam, a tambayo mana Baba." Ni mai takardar shaida na koma ɗan aike.

Da na kai masa tambaya ta biyar, sai ya tambaye ni:

"Shekara nawa kana koyar da noman nan?"

"Sha bakwai, Baba."

"To ni duk shekarun nan ina nan zaune."