Gwiwar Hannun Ɗan Japan

Ina cikin shekarata ta shida da aikin likitan ƙashi a wani ƙaramin asibiti a unguwar Shifa, a Riyad, aka kawo mini ɗan Japan ɗin nan. Kafin zuwansa, iyakar sanina da wasan besbol shi ne wani yana jefo ƙwallo, wani yana jiransa da gora. Ni da 'yan ƙwallon ƙafa na saba, sai kuma leburorin unguwar Manfuha da buhun siminti ya gama da bayansu. To sai ga wata sabuwar ƙungiyar besbol tana son ɗaukar mai jifa daga Japan, kuma ba za a ƙulla yarjejeniya ba sai likita ya duba shi ya sa hannu cewa jikinsa zai ɗauki aikin. Mudir ɗin ƙungiyar, wato manajanta, abokin mai asibitinmu ne, shi ya sa aikin ya faɗo kaina.

Kwana uku na yi ina karatu kamar mai shirin jarrabawa. Abin da na fahimta shi ne, duk rayuwar mai jifa tana rataye ne a kan wata 'yar jijiya da ke cikin gwiwar hannu, wadda ba ta kai tsawon yatsa ba. Kowane jifa yana jan ta. Ranar da ta tsinke, sai tiyata da jinyar fiye da shekara. Mutumin da za a kawo mini kuwa shekarunsa talatin da huɗu, kuma a irin wannan shekarun wanda ya tafi jinyar ba ya cika dawowa.

Mudir ya ce ba a fara yi wa baƙo maganar aiki da yunwa a cikinsa, don haka ranar da ya iso aka tara mu cin kabsa, dafa-dukan shinkafa da nama ta Larabawa, bayan azahar. Dogo ne, mai shiru, furfura ta fara taɓa gefen kansa. Tare da shi akwai tafinta, wani dattijo ɗan ƙasarsu da ya daɗe yana aiki a Riyad. Aka miƙa wa baƙon cokali ya ƙi, ya ce yadda masu gida ke ci haka zai ci. Ya sa hannun dama a faranti, shinkafar ta riƙa zubewa ta gefen tafinsa. Aka yi ta dariya, mudir yana cewa ai mutanen da ke cin abinci da tsinke ne, da sannu zai koya. Shi ma ya yi dariya. Ni dai dariyata ba ta yi nisa ba, domin na ga ƙaramin yatsansa da na kusa da shi ba sa rufewa tare da sauran, kullum sai sun makara. Kuma da zai ɗauko nama daga tsakiyar faranti, bai miƙe hannun ba, jikinsa gaba ɗaya ya tura.

Washegari da safe suka zo asibiti, mudir ya biyo su har cikin ɗakin duba marasa lafiya ya ja kujera ya zauna. Nan ne kuskurena na farko. Ko ɗalibin likita ya san ba a tambayar mutum ciwonsa a gaban mai shirin ɗaukarsa aiki. Amma jiya-jiya na ci abincin mutumin nan, kuma abokin maigidana ne, sai na ji nauyin in ce ya ba mu wuri. Na bar shi yana latsa waya yana saurare.

Na lanƙwasa hannun, na danna daidai inda jijiyar take. Fuskarsa ko gezau. Amma ɗakin nan sanyin na'ura har ya yi yawa, ga shi gumi yana tsattsafo masa a goshi.

Na ce wa tafinta, "Tambaye shi, akwai zafi?"

Ya tambaya. Amsar gajeriya ce. "Ya ce babu."

Na sake dannawa, na ƙara ƙarfi. Babu. Na uku ma babu.

Na san wannan babun, don da irinta aka raine ni. Mahaifina yana kwance a gadon asibiti a Zariya, ciwo na cin sa, in ka gaishe shi sai ya ce lafiya lau, alhamdulillahi, har ranar da ya rasu. Ashe can Japan ma haka suke horar da 'ya'yansu maza. Na ji haushin baƙon, na kuma ji ya burge ni, kuma wannan burgewar ita ta cuce mu duka.

Hoton da aka ɗauka bai raba gardama ba. Jijiyar ta sirance, gefenta ya fara zarewa kamar tsohuwar igiyar guga, amma ba ta tsinke ba. Littattafan da na karanta sun ce tsofaffin masu jifa da yawa haka hotonsu yake, kuma suna wasa lafiya. Abin da ke bambanta mai haɗari da marar haɗari shi ne zafi, shi kuwa ya ce babu.

Da na fito baranda, tafintan ya biyo ni. Ya ce, "Likita, ba roƙonka nake yi ba. Ƙungiyarsa ta sallame shi bara, kuma a gida babu wadda ta neme shi. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu. Na ga ya kamata ka sani ne kawai." Ya juya ya koma ciki.

Na zauna da takardar a gabana. In na rubuta bai dace ba, na ƙaryata baƙo a gaban mutane, na kuma rufe masa ƙofa ta ƙarshe da hannuna. In na rubuta ya dace, na san abin da idona ya gani. Sai na nemi hanyar tsakiya, irin ta mai son ya yi kara kuma ya tsira da mutuncinsa. Na rubuta cewa ya dace, da sharaɗin kada ya wuce jifa sittin a wasa ɗaya, kuma ya huta kwana huɗu kafin na gaba. Mudir ya karanta ya ce, "Mumtaz, ya doktor," wato madalla, likita. Har wani daɗi na ji, wai ni mai dabara.

Da yamma na ba matata labari. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. Ta gama ji ta ce, "Baban yara, da ƙaninka ne mai hannun, me za ka rubuta?"

Na ce mata aikin likita ba da son rai ake yin sa ba, na yi ta faɗa kamar ita ta yi laifin. Ta ƙyale ni ta ci gaba da yanka albasarta.

Ƙungiyar ta cika sharaɗina, ba zan ɗora musu ba. A kowane wasa akwai mai zama yana ƙirga jifan, da ya kai sittin sai a fitar da shi. Abin da ban sani ba, kuma ban tambaya ba, shi ne yadda aka koya masa sana'arsa. A inda ya taso, tun yana makaranta, mai jifa da jifa yake gyara jifansa. In ƙwallo ta ƙi zuwa inda kake so, sai ka ƙara wani ɗari. Kullum da sassafe, kafin ranar Riyad ta fara dukan mutane, yana bayan fili shi kaɗai da raga da bokitin ƙwallaye, sai ya juye bokitin sau uku. A wurinsa wannan shiri ne, takardata kuwa wasa ta ambata. Tambaya ɗaya da na yi masa game da yadda yake atisaye, da na ji wannan tun ranar farko. Sai bayan komai ya lalace tafintan ya faɗa mini.

Mako bakwai aka yi. Wata ranar Alhamis bayan la'asar aka kira ni cewa ya yi jifa ɗaya ya durƙusa riƙe da hannu. Aka kawo shi, aka sake ɗaukar hoto. Ban daɗe ina kallo ba. Jijiyar ta rabu biyu, kuma na san a raina wannan hannun ya gama jifa.

Muka sake haɗuwa a ɗakin nan, mu huɗu. Mudir ko zama bai yi ba. Ya buga takardata a kan tebur ya ce, "Ya doktor, kai ka ce lafiyarsa ƙalau! Ga sa hannunka nan!"

Ina neman abin faɗa sai ɗan Japan ɗin ya miƙe, hannunsa rataye a wuya, ya yi magana mai tsawo, wadda ban taɓa jin ya yi irinta ba. Tafinta ya sunkuyar da kai yana fassarawa. Ya ce shekara biyu ke nan hannun yana masa zafi. Ya ce likita ya tambaye shi har sau uku, shi ne ya yi ƙarya. Ya ce likita ya sa masa iyaka, shi ne ya ƙetare ta a ɓoye. Laifin nasa ne shi kaɗai, kada a taɓa likita.

Mudir ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Halas, shi ke nan, doktor, ba laifinka ba ne."

Sai mutumin ya juyo gare ni ya rusuna, ya daɗe a haka, har na ga tsakiyar kansa inda gashi ya fara ƙarewa. Tafinta ya ce, "Yana neman gafararka. Ya ce ka yarda da maganarsa, shi kuma ya ɓata maka suna."

Ban taɓa yarda da maganarsa ba, ko na minti ɗaya. Wannan ne lokacin da ya kamata in faɗi haka, a gaban mudir, a gaban kowa. Kalmomin suna bakina. Amma an riga an wanke ni, kuma wallahi na ji daɗin wankin. Na miƙa hannu na dafa kafaɗarsa mai lafiya, na ce wa tafinta ya gaya masa ba komai, na yafe masa.