Audugar da Inna ta hana a sayar

Shekarun baya, lokacin da masaƙun Kano suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, ina cikin waɗanda aka sallama. Na tattaro iyalina muka dawo gida Kurugu, ba ko sisi, sai rediyo da girman kai.

Abin da ya fi ci mini rai ba yunwa ba ce. Tun da na fara aiki na yi wa mahaifiyata alkawarin ba za ta ƙara ɗaura zanen da ba ni na kawo ba, kuma duk sallah sai na dire mata turmin atamfa daga masaƙarmu. A shekarar nan sallah ta zo ta wuce, Inna ta fita Idi da tsohon zane. Wallahi ranar ban iya haɗa ido da ita ba.

Ana nan sai rediyo ta ce gwamnati za ta farfaɗo da masaƙu: za a raba irin auduga kyauta, a ba manoma bashin taki da shanun huɗa. Ni gogan naku abin da na ji kawai shi ne za a kira mu aiki. Na wanke takalmina, na koma gindin darbejiya da rediyo a kunne. Damina ta faɗi, kowa yana gona, ni ina jiran sanarwa.

Ran nan Inna ta tsaya a kaina, ta ce, "Kai ɗan birni, injin naku me yake ci ne?"

Na ce, "Auduga mana, Inna."

Ta ce, "To ka zauna. Aljanu za su noma masa."

Washegari na tafi Karaye wurin malamin gona na karɓo iri. Kawuna ya ce, "Kai yaro, a ina ka ga an tuƙa tuwon auduga?" Amma shi ɗin ne ya ara mini shanunsa kafin na bashi su iso, Allah ya jiƙansa. Hannuwana suka yi kanta, bayana ya ƙage, mutane suna wucewa suna cewa, "Sannu injiniya!"

Allah ya sa gonar ta yi kyau. Ranar da za mu kai kasuwar auduga a Rogo, Inna ta cika kwando guda ta ja gefe. Na ce, "Haba Inna, wannan ai kuɗi ne." Ta ce ba na sayarwa ba ne, ta shige ɗaki.

Duk ranin nan tana zaune da mazarinta tana kaɗi. Ina tsokanarta cewa injinmu zai gama wannan kafin ta yi atishawa, ita kuma dariya kawai take yi. Da zaren ya taru ta aika wa masaƙin garinmu, ban ko tambayi me za a saƙa ba. Ni dai murnata a sallar shekarar nan na kawo mata turmin atamfa da kuɗin gumina.

Masaƙarmu ta buɗe, ta ɗan motsa, ta sake rufewa. Ban koma ba, gona ta riƙe ni, da ita na aurar da 'ya'yana. Shirin nan na gwamnati bai tayar da Kano yadda aka so ba, amma ni ya tashe ni, kuma har gobe ina godiya.

Ranar da Inna ta rasu, na miƙe zan aika kasuwa a yanko likkafani. Sai ƙanwarta ta riƙo hannuna, ta buɗe adakar Inna ta ciro farin saƙi a naɗe, sabo fil. Ta ce, "Na gonarka ne. Cewa ta yi, alkawarin zane ka ɗaukar mata, kada ranar ƙarshe ta sa ka saɓa."

A ciki muka sa ta.