Turmin Gwaggo Safiyatu

Gwaggona Safiyatu, ƙanwar babana, taurin kai gare ta kamar mutanen farko. Ƙauyensu na bayan Kebbe ya watse, kowa ya kwashe ya koma bakin hanya, ita ko gezau. Miji ya rasu, 'ya'ya mata suna gidajen aurensu. In na matsa mata sai ta ce, "Lauwali, nan nika zama. Wa zai ba awakina ruwa?"

Ni malamin makaranta ne a Tambuwal, ina ɗan taɓa rubutun labari. Na taɓa rubuta wata tsohuwa mai zaman kaɗaici, ta zabga tagumi a bakin ƙofa tana hawaye. Da na karanta mata, dariya ta yi har da tari. "Kai ɗan nan! Wa ke da lokacin tagumi?"

Amma hankalina bai taɓa kwanciya ba. Waya ba ta kamawa a can, da damina kuma ko babur sai an tura. In ta faɗi, wa zai sani? Maƙwabtanta kaɗai su ne Jumare da matarsa Ruwaida, can ƙetaren rafi.

Kullum da hantsi takan yi daka, ƙugu na ciwo, tana nishi. Abin ya dame ni. Na niƙo mata gari buhu guda a inji, na kifa turmin da hannuna. Ta dube ni kawai. Don neman suna, wai ni mai kula da gwaggo, har na biya ta wurin Ruwaida na ce, "Gwaggo ta huta da daka daga yau."

Ashe ba gari take nema ba. Ko babu gero takan buga taɓarya a turmi, Ruwaida ta jiyo daga ƙetare ta san ta tashi lafiya. Shekara shida suna haka, ni da bokona ban sani ba.

Ina tafiya ta tada turminta, ta ci gaba da bugu. Sati uku bayan nan ta zame a bayan ɗaki, ƙugu ya karye. Kwana biyu tana kwance a ƙasa. Kukan awaki ne ya kai Jumare gidan, ya tarar da ita da sauran numfashi. Aka ɗauke ta zuwa asibiti, ba ta kai Kebbe ba rai ya yi halinsa.

Ranar sadakar uku na tare Ruwaida, raina a ɓace. "Haba! Kwana biyu ba ku leƙa ta ba?"

Ta share ido da bakin zane. "Malam, na ji shirun. Har na ɗauki mayafi. Sai na tuna kai ka ce ta huta."