Motar Baffa Isiyaku da Tumunin Inna Rabi

Shekara shida ke nan da rasuwar Baffa Isiyaku, yayan mahaifina, idan aka bi lissafin watannin Musulunci. A lissafin boko kuwa da ɗan saura. Na zaɓi na farkon domin da shi marigayin yake ƙidayar al'amuransa. Na so in rubuta wannan waiwaye cikin sanyin rai, kamar yadda ya dace da mamaci, amma na kasa. Kwanan baya na shiga gidansa da ke kusa da Kusugu, na tarar da mai walda a durƙushe yana yanka motarsa, kuma har yau ƙaurin ƙarfen bai bar hancina ba.

Wajibi ne in bambance abin da na gani da abin da aka faɗa mini. Lokacin da motar ta shigo Daura ina farkon firamare, saboda haka labarin zuwanta ji na yi. Mahaifina da Inna Rabi, matar Baffa, sun yi ittifaƙi a kan cewa shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ce, bayan girbi. Baffa malamin gona ne, kuma a lokacin yana dab da yin ritaya. Aiki ya kai shi wajen Kongolam, ya hangi wani abu a bayan rumbun wani mai fataucin dabbobi, an jibga masa karan dawa. Da ya ɗaga karan sai ga mota 'yar ƙarama, mai kujera biyu, marar rufi, mai dogon gaba, ta kwanta ƙasa-ƙasa kamar kada a bakin ruwa. An ce wani Bature ne ya ƙetaro da ita daga Damagaram, ta mutu masa a nan, ya bar wa mai gidan. Ban samu wanda ya ga Baturen ba, shi ya sa na ce "an ce". Abin da aka ba mai gidan a madadinta ma akwai saɓani: mahaifina ya ce rago ne, Inna Rabi ta ce tunkiyarta ce da 'ya'yanta biyu. A ganina mai tunkiya ta fi kowa sanin tunkiyarta.

A amalanken shanu aka shigo da ita gari, mutanen unguwa na dariya wai malamin gona ya sayo akurkin kaji.

Daga nan kuma idona ne shaida. Sama da shekara goma Baffa yana aikin motar nan a gindin darbejiyar tsakar gidansa. Ya kwance ta ƙashi-ƙashi, ya jiƙa kowane noti a gwangwanin kalanzir, ya goge tsatsa da hannunsa har ƙarfe ya fito fari. Ban taɓa ganin ya ɗaga guduma a kan notin da ya ƙi kwancewa ba. Yakan ɗiga masa kalanzir ya bar shi, ya ce, "Ba gardama yake yi ba, ya daɗe ba a yi masa magana ba ne. A ba shi kwana." Kuma bai yi nufin mayar da ita yadda Turawa suka ƙera ta ba, so yake ta zama 'yar Daura. Ya cire ƙaramin lagiretonta ya sa babba na tsohuwar a-kori-kura, saboda zafin bazararmu. Ya ƙara mata tsawo a sifirin don kada cikinta ya riƙa gugar rairayi. Ya sake wayoyinta gaba ɗaya, ya sake birki, ya fesa mata fenti kore shar, irin koren gero a tsakiyar damina. Kujerun kuwa baduku ya ba, aka ɗinka su da jar fatar akuya.

Inna Rabi ce ta raɗa mata suna Auta, domin a cewarta ta fi duk 'ya'yan gidan shan lallashi. Takan leƙo daga madafa ta ce, "Malam, tuwo ya huce. Ko Autar ce za ta ci maka?"

Shi kuma ya amsa daga ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani: "Rabi, ranar da na kai ki Babban Mutum a cikinta, 'yan garinku sai sun zaci matar gwamna ce."

"In dai ba tun daga Zango za mu fara turi ba," in ji ta.

Wannan alƙawari na kai ta garinsu shi ne ginshiƙin aikin duka. Kujerar gefen direba a kan jikin Inna Rabi aka auna ta. Gajeruwa ce, kuma tana fama da ciwon baya, saboda haka Baffa ya sa baduku ya cusa audugar rimi daidai inda ƙugunta ke jingina, ya yi ta mayar masa da ita har sai da ta zauna ta ce ta yi. Ranar da injin ya tashi ina gida hutun jami'a. Ya zagaya da ita ta Kusugu ya dawo shi kaɗai, domin kujerar tana wajen baduku, kuma ya ce ba mai riga Inna Rabi zama a wurin. Aka kawo kujera, ya ɗaure ta, ya ce sai ruwa ya ɗauke hanya ta bushe. Kafin ruwan ya ɗauke ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa.

Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza uku, Lawal da Sani da Salisu, da mata biyu. Malamin da ya raba gadon bai yi kuskure ba. Na koma littattafan fara'ili na duba, ban ga inda ya kauce ba. Game da motar ya ce ɗayan biyu: ko a ƙimanta ta wani ya ɗauka ya cika wa saura, ko a sayar a raba. Ina jaddada wannan don kada mai karatu ya ɗora wa shari'a laifin da ba nata ba. Hukunci ya fito sarai. Mutane ne suka ga hanya suka shiga jeji.

Salisu ne ya nuna wa 'yan'uwansa hoto a waya, wai irin wannan motar a Turai ana sayar da ita kuɗin da zai sayi unguwa. Na karɓi wayar na duba da kyau. Fitilun ba iri ɗaya ba ne, ƙofofin ma haka. Na faɗa, ba wanda ya saurare ni. Daga ranar kowa ya fara kallon ɗan'uwansa a matsayin ɓarawon da bai riga ya yi satar ba. Yaya Lawal, wanda yake sahun gaba cikin matasan da suka yi ta kiran a kawo shari'a, wanda ya haddace ayoyin gado kamar Fatiha, shi ya fara. Ya zo ya cire sitiyari, wai ajiya, don kada wani ya tuƙa ta Kano a ɓoye. Notin ya ƙi, ya sa guduma. Ina tsaye, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Da Sani ya ji labari sai ya zo ya kwance kafireta. Salisu ya cire ƙafafun huɗu ya ɗora ta a kan bulo. Mijin ɗaya daga cikin matan ya aiko aka ɗauki batir da fitilu, wai yana kare haƙƙin iyalinsa. Kowannensu ya rantse amana ya riƙe. Ban san wani suna da ya dace da wannan ba sai a fasa kowa ya rasa.

Nakan tambayi kaina abin da Baffa zai ce da zai leƙo tsakar gidansa a waɗannan shekaru. Damina shida ta sauka a cikin motar da ba ta da rufi. Tamfol ɗin da Inna Rabi ta lulluɓa mata wani ya janye ya shanya masara, bai mayar ba. Kaji suka yi ƙwai inda ƙafar direba ke taka totur. Akurkin da mutanen unguwa suka yi wa dariya, 'ya'yansa ne suka tabbatar da shi. Awaki suka kankare koren fentin da kofato. Kujerar direba ta tsage, audugarta ta ruɓe tana wari. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a gidan nan albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ina zaton Baffa ba zai yi faɗa ba, domin ban san shi da faɗa ba. Zai durƙusa ne ya shafa inda gudumar ta sauka, kuma wannan shirun nasa shi ne abin da ba na iya jure tunaninsa.

Kujera ɗaya ce ta tsira. Inna Rabi ta kifa mata tsohon daro, kuma duk bayan 'yan watanni takan buɗe ta shafe ta da man kaɗanya.

Bana magada suka yanke shawarar ratsa gidan da katanga, kowa ya san nasa, kuma igiyar magini ta faɗo daidai kan motar. Fitar da ita a haɗe ba zai yiwu ba, domin Sani ya riga ya gina shago a rabin ƙofar da aka shigo da ita. Duk da haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, na roƙi kowa ya dawo da abin da ya ɗauka, a harhaɗa ta, a fasa gefen katangar waje a fitar da ita, ko sau ɗaya ne a kai mahaifiyarsu Babban Mutum. Yaya Lawal ya ce, "Kai ɗan boko, kana cikin magada ne? Me ya yi maka zafi?" Gaskiyarsa, ba na ciki, kuma na rubuta wannan don adalci. Da na matsa sai gaskiya ta fito. Sitiyarin yara sun yi gare da shi a lungu har ya ɓata. Kafiretar Sani ya ba mai gyaran janareto, ya farke ta ya ɗebi abin da yake so. Ƙafafu biyu suna jikin kurar ruwa, biyun kuma Salisu bai san inda suke ba. Wannan ce amanar da aka yi ta rantsuwa a kanta. Wani dillalin Kano, irin wanda suka shekara shida suna tsoron a sayar wa a ɓoye, ya zo a ƙarshe, ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce, "Ai wannan gawa ce," ya shiga motarsa. Sai aka kira 'yan gwangwan da sikelinsu, aka kira mai walda.

Ranar da na ambata a farko, mai walda ya riga ya raba dogon gaban nan da sauran jikin. Yaya Lawal ya je ƙofar ɗakin mahaifiyarsa ya ce, "Inna, za a auna, a fitar miki da tumuninki."

Ta fito ta ce wa mai walda, "Ɗana, kashe wutar nan tukuna." Sannan ta dubi 'ya'yanta. "Ba na son kuɗin ƙarfe. Ku kwance mini kujerata."

Salisu ya gyara murya ya ce, "Inna, ai sai an ƙimanta ta, kada a shiga haƙƙin wani."

Na sha jin maganganu marasa daɗi a rayuwata, amma ban taɓa jin wadda ta ɓata mini rai kamar wannan ba: haƙƙi a bakin wanda ya mayar da ƙafafun motar ubansa kurar ruwa.

Inna Rabi ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ƙimanta, Salisu. In ta fi tumunina, sai ka tambaya tunkiyar wa aka bayar. Kyauta na ba ubanku, ban taɓa tayar da zancen ba, kada ka sa in fara yau."

Yaya Lawal ya ɗauki sifana ya sunkuya, notunan kujerar suka ƙi motsi, ya miƙa hannu wajen guduma. Ta ce, "Ajiye. Kawo kalanzir." Ita ta ɗiga da hannunta, noti bayan noti. "A ba shi kwana." Aka sallami mai walda da 'yan gwangwan, manyan mutane uku suka koma gidajensu suna jiran noti. Washegari Yaya Lawal ya sa sifana, suka kwance ba tare da ƙara ba.

Ba zan ce wannan ya gyara kowa ba, domin ban ga alama ba. An ƙarasa yanka motar, an auna, an raba daidai da fara'ili, kuma katangar ta tashi. Inna Rabi ta ce ba za ta zauna a gidan da sai ta fita titi kafin ta shiga wajen ɗanta ba. Za ta koma wajen ƙanenta a Babban Mutum. Ni na raka ta. A-kori-kura aka ɗauko don kayanta, direba ya buɗe mata gaba, ta ƙi. Ta sa aka ɗaure jar kujerar a baya tsakanin buhunan gero, aka kama ta ta hau, ta jingina ƙugunta inda aka auna mata. Muka kama hanya har muka wuce Zango. A nan ta gyara lulluɓinta, ta ce, ba da ni take ba, "To, Malam, ga Zango, ba mu tura ba."

Idan na auna abin da ya rage na Baffa Isiyaku, ba shi da yawa. Aikin sama da shekara goma ya tafi a sikelin 'yan gwangwan, gidansa ya zama lungu uku. Saura kujera ɗaya a ƙofar wani ɗaki a Babban Mutum, da tsohuwar da ke zama a kanta tana tsince wake, da kuma kalma uku da ta tsayar da guduma a hannun babban ɗansa. Ko za ta sake tsayar da ita wata rana, ban sani ba, kuma ba na rubuta abin da ban sani ba.

Allah ya haskaka kabarin Baffa, ya yi masa sassaucin da ya yi wa ƙarfe.