Tulun Irin Gwaggo Hajo

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar Gwaggo Hajo, yayar mahaifina, wadda ta raine ni a Matameye bayan rasuwar mahaifiyata. Kafin shekarar da ta rasu, na yi imani, ba tare da ko ɗigon shakka ba, cewa yunwa rashin sani ce. A ganina manomi yana kwana da yunwa ne saboda bai san abin da aka koya mana a jami'a ba, kuma ranar da ya karɓi iri mai kyau ya bi umarni, rumbunsa ba zai sake zama wayam ba. Da wannan imani na dawo gida daga Yamai a matsayin malamin gona, ina da shekara ashirin da huɗu, da takarda a jaka da babur ɗin biro, wato ofishinmu, a ƙarƙashina.

Ƙasarmu ƙasar gero ce. Shinkafa ɗan abu ce da mata ke shukawa a gindin fadamar da ke kan hanyar Kance, inda ruwa ke kwanciya. Tasu ja ce, gajera, ba ta da kyan gani a akushi, kuma in an yi jinkirin yanka sai ta zube ƙasa. 'Yar-sauri suke ce mata, domin tana nuna tun gero bai bushe ba, daidai lokacin da rumbu ya ƙare kuma sabo bai shigo ba. Gwaggo tana da tata ƙa'ida a kanta. Kafin kowa ya ɗanɗana, sai ta zaga ta tsinko zangarniyar iri daga bakin fadama, da tsakiya, da wuri mai zurfi, ta haɗa su, ta cakuɗa da toka, ta zuba a wani tsohon tulu, ta like bakinsa da laka. Ba a fasa wannan lakar sai ruwan shuka ya sauka. An yi suna a gidanmu, an yi rasuwa, tulun yana ƙarƙashin gadonta ba wanda ya dube shi.

Zamanin mulkin soja ne, kuma maganar wadatar abinci tana bakin kowa. Daga sama aka aiko mana da tsari mai kyau a takarda: za a ba mata irin farar shinkafa mai yawan amfani, su noma, a tara a mangaza, wato ɗakin ajiya, kamyo, babbar motar kaya, ya zo ya kwasa zuwa injin casa, daga can a sayar a birni, su kuma su sayi gero da kuɗin. Sharaɗi ɗaya ne. Masu injin ba sa karɓar shinkafar da ja ya gauraya a cikinta, don haka dole a tattara tsohon iri gaba ɗaya, a musanya shi tiya da tiya. Ba ni na rubuta tsarin ba, amma na so shi kamar ni na haife shi.

Sunan mahaifinta nake da shi, saboda haka Gwaggo ba ta taɓa kiran sunana ba. Ranar da na tara matan na yi musu bayani, sai ta ɗaga kai daga kaɗin da take yi.

“Babana, ita wannan farar taka, wata nawa take so ƙafarta na cikin ruwa?”

Na ce, “Huɗu, Gwaggo.”

“To, wa ya yi maka alkawarin ruwan wata huɗu? Kumandan?”

Matan suka fashe da dariya. Ni kuwa na buɗe takarda na karanto musu matsakaicin ruwan da ake samu a yankinmu, ina fassara musu daga Faransanci. Gwaggo ta saurara har na gama, ta ce Allah Ya yi albarka, ta koma kan kaɗinta. Daga baya ta ba da kwando biyu na shinkafar ci aka musanya. Tulun ba ta ba da shi ba, kuma na san ba ta ba da shi ba.

Ranar da aka yi taron tattara iri a ƙofar mangaza, kumandan, mai mulkin yankinmu, da kansa ya zo. Ya tambaya ko akwai sauran tsohon iri a wani gida. Ba wanda ya dube ni, ba wanda ya tsare ni da tambaya. Ni ne na miƙe, na ce akwai tulu ɗaya a gidanmu, kuma gidan malamin gona ne ya kamata ya zama abin koyi. Na daɗe ina neman wani suna da zan ba abin da na yi, amma gaskiyar ita ce na so a yaba mini a gaban jama'a, kuma an yaba.

Gwaggo ba ta jira a aika kowa ba. Ta tashi ta tafi gida, ta dawo da tulun a kanta, ta sauke a gabana.

“Ga shi, Babana. Ka dai mayar mini da tulun, na uwata ne.”

Tun ranar sauran matan suka fito da nasu da suka ɓoye. Aka casa irin duka, aka dafa wa baƙin da suka zo taro da ma'aikata. Na ci. Na ma ƙara.

Damina ta fara da kyau, sannan ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Fadama ta janye, ƙasa ta tsage. Farar shinkafar ta tsaya koriya shar har ta yi kai, amma in ka murza a tafin hannu sai ƙaiƙayi. Jar da ta zube bara ta tsiro da kanta a tsakanin layuka, ni kuwa na riga na sa an cire ta kamar ciyawa. Wata rana ina zagaye na iske 'yan tsirarun da suka tsira a can bakin fadama, sun nuna, ƙwaya cike. Na tsaya a kansu na daɗe. Da na yanke su a take na kai wa Gwaggo, da an sami ko da tafi biyu na iri. Kunyar yadda nunarsu ta ƙaryata ni ta hana ni. Da na koma bayan kwana biyu, tsuntsaye sun gama da su.

Kamyon da aka ce zai zo bai zo ba, tunda ba abin da zai ɗauka. Gero bai yi ba. Aka rufe kan iyaka, mazan da suka saba tafiya cin rani Kano da Katsina suka zauna a ƙofar gida suna kallon juna. Ba zan ce 'yar-sauri za ta ciyar da gari ba. Ba ta taɓa yi ba. Amma za ta riƙe gidaje 'yan makonni, kuma wanda ya ga wannan shekarar ya san darajar makonni.

Da bazara ta kusa, Gwaggo ta same ni ina goge babur.

“Babana, ka kai ni Dungu a kan wannan dokin naka. Akwai matan da muka taɓa musayar iri da su. In ba a samu ba mu wuce Kurni.”

Na ce man na biro ne, sai na nemi izini, ta bari sai jibi. Ba izinin ne ya dame ni ba. Ba na so a ga malamin gona yana bin gidaje yana roƙon irin da ya ce a kawar. Da jibin ta zo na sake cewa jibi. Washegari da safe aka ce mini ta kama hanya a ƙafa, da 'yar ƙwarya ƙunshe a zane. Ta haura shekara sittin, kuma ta daɗe tana rage nata tuwon tana ƙara wa jikoki. Kwana takwas ta yi. A wasu gidajen an cinye irin saboda yunwa, a wasu abokan aikina sun riga ta zuwa. Ta dawo da ƙwarya wayam da tari a ƙirji.

Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ko da kallo. Ranar da na zauna kusa da tabarmarta ina neman ta inda zan fara, ita ta riga ni.

“In ka ji labarin 'yar-sauri a wani gari, ko bayan raina ne, ka karɓo ko tafi ɗaya.”

Ta rasu kafin ruwan farko. Likita zai ce tsufa ne da yunwa da ciwon ƙirji, kuma kwana ya ƙare. Na yarda da wannan a matsayina na musulmi. Amma ajalinta dabam, abin da hannuna ya aikata dabam, kuma ban taɓa iya fakewa da na farkon don in manta na biyun ba.

Yanzu ga shi soja sun sake karɓar mulki, ruwa ya sake gazawa, ana sake auna tiya da tsoro. Kasuwar Matameye cike take da buhunan shinkafar ƙasashen waje, fara tas kamar yadda na so, sai dai tana zuwa ne ta hanya mai tsawo wadda ba ɗaya daga cikinmu yake riƙe da ita, kuma duk ranar da aka tare hanyar sai farashi ya tashi. Ni kuma ina zama a tarurruka a Yamai da Damagaram, inda muke magana a kan noma mai ɗorewa da adana irin gargajiya, ana ma gayyata ta in yi jawabi. Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce. Ina jin ba za ta yi mana dariya ba. Za ta saurara har mu gama, sannan ta tambayi kowane tsari wanda ya yi masa alkawarin abin da ya dogara a kai, da kuma abin da aka bar wa mutane a ƙarƙashin gado in alkawarin bai cika ba. Ba ta ƙi sabon iri ba. Kwando biyu ta bayar. Abin da ta ƙi shi ne a bar ta ba mafita.

Wannan tambayar ce ta rage mini daga gare ta, kuma ba na sa hannu a takarda sai na yi ta. Na nemi 'yar-sauri a ƙauyuka da yawa. An nuna mini jajayen shinkafa iri-iri, tsofaffin matan da suka san ta suka murza, suka ce ba ita ba ce. Tulun na mayar mata kamar yadda ta ce, bayan rasuwarta ya dawo ɗakina, ba komai a ciki. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mini.

Tun daga waccan daminar ba a sake shuka 'yar-sauri a fadamarmu ba. Rake ake nomawa a wurin yanzu.