Takun Baba Mati

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Durbi ya san Mati mai haƙar kabari, ko yana so ko ba ya so. Da ƙuruciya ɗan kokawa ne, har wata muguwar kayarwa ta gurɗe masa ƙugu, ta bar shi yana jan ƙafar hagu. In yana tafe sai ka ji dim, sannan shuu, kamar ana jan buhun gero. Mata kan janye 'ya'yansu daga hanyarsa, wai ƙasar kabari ba ta fita daga farcensa. Ɗan Adam ke nan, yana ƙyamar hannun da zai gyara masa makwanci.

Shekarar da soja suka koma bariki, siyasa ta dawo da kiɗa da motocin kamfen, ta kwashe samarin unguwa marasa aikin yi. A ba su ƙwaya da gora su yi ta ihu a bayan mota, zaɓe na wucewa a watsar da su a gindin ganuwa suna shaƙar sholisho. Su ne Mati ya riƙa tsinta ɗaya bayan ɗaya. Ba ya wa'azi, bai ma iya ba. Ana sallame asuba yake tasa su gaba su zaga maƙabarta da gudu, su dawo su yi kokawa a kan yashi, in akwai rasuwa su kama diga, har gumi ya wanke abin da suka sha. Dokokinsa biyu ne: shi ne na ƙarshe a layi, kuma ba a waiwaye.

Dabo, ɗan Tani mai koko, ya fi kowa lalacewa. Ranar wani gangami faɗa ya ɓarke, suka ruga shi da amininsa Lawal. Lawal na baya yana kiransa, Dabo bai tsaya ba, kuma Lawal bai iso gida da rai ba. Tun daga ranar Dabo ke jin silifas na bin sa, ko da rana tsaka a cikin kasuwa. Kawunsa ya riga ya yi magana da wani gidan mari, in wata ya mutu bai natsu ba za a sa masa ƙarfe a ƙafa.

Tani ta jawo shi har ƙofar maƙabarta. Bayan an gaisa ta ce, "Baba Mati, ga shi nan. Ba ci, ba barci. In ka gaza, mari za su sa mai."

Mati ya dube shi. "Mi kake ji, yaro?"

"Taku, Baba. Na Lawal ne, yana bayana."

"To, gobe ka taho. Bayanka ya samu mai shi."

Washegari gari bai gama wayewa ba suka shiga tsakanin kaburbura. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin. Sai ga takun silifas, fat, fat, fat, daf da dugadugan Dabo. Ya ja ya tsaya. Sai wani taku mai nauyi ya shiga tsakani, dim, shuu, ya danne na silifas ɗin.

"Ni ne, ɗana," in ji Mati. "Tahi."

Haka suka yi ta yi. Wata ya mutu, wani ya kama, kawu ya daina zancen mari. Dabo ya yi ƙiba, ya fara kada sa'o'insa a kan yashi. Ranar da ya fara barcin kirki, sai da Tani ta kara kunne a ƙirjinsa don tsoro. Wata rana suna wanke diga ya ce, "Baba, kai ma kana jin shi?"

Mati ya ajiye digar. "Mai aiki a nan ba ya hwaɗin duk abin da ya ji. Amma ba mai wuce ni ya iso gare ka."

Da damina ta biyu Mati ya kwanta, bai tashi ba. Yaransa suka haƙa masa, suka ɗauki makarar suna karɓa-karɓa. Dabo ya yi kuka kamar uwa ce ta mutu, kuma a ƙarƙashin kukan tsoro ne fal cikinsa.

Da asuba suka taru kamar kullum, kowa na cusa kansa tsakiyar layi. A ƙarshe akwai wani sabon zuwa, Shehu, ido jawur, jiki na ɓari. Dabo ya dube shi, ya koma bayansa ya tsaya.

Ba su yi nisa ba silifas ya dawo. Fat, fat, yana matsowa, har Dabo ya ji sanyi a ƙeya. Zuciyarsa ta ce ya fasa layi ya ruga gindin ganuwa. Daidai sabon kabarin Mati sai ya ji dim, sannan shuu. Silifas ya yi tsit.

Shehu ya ce, "Wa ke bayana?"

Hawaye na zuba, Dabo ya ce, "Ni ne. Tahi, kada ka waiwaya."

Shi ma bai waiwaya ba.