Malamar da Ba Ta da Ƙuri'a a Garinmu

Ranar Juma'a, ashirin da takwas ga watan Fabrairu, Allah ya karɓi ran Malama Corinne Paquette, malamar aji biyar a makarantar firamare ta garinmu Pellworth, a jihar Vermont. Ta rasu tana da shekara hamsin da uku, ba tare da jinya ba. Ta sallami yara, ta tsaya a bakin ƙofa har bas ta tashi kamar yadda ta saba, ta koma aji don ɗauko jakarta, sai ta yanke jiki ta faɗi. Likitoci sun ce jijiya ce ta fashe a kanta.

Ina ɗakin taron gari ina jera kujeru, sai Bernadette, akawun gari, ta shigo ko ƙanƙarar takalminta ba ta karkaɗe ba. Ta ce, "Malam Alden, zauna tukuna." Na ce mata ba ni da lokacin zama, taro ya ƙarato. Ta ce, "Corinne ta rasu." Na tambaye ta wace Corinne, alhali kuwa Corinne ɗaya tak na sani a duniya. Daga nan na ci gaba da jera kujerun har na kai ƙarshen layi, domin hannuna bai san wani abin yi ba. Yau kusan mako guda ke nan, kuma har yanzu in na ji ƙarar mota a kan gada sai na ɗaga labule.

Corinne, jaridar gunduma ta rubuta cewa kin koyar shekara ashirin da biyar, ta kuma kira ki 'yar Pellworth. Duka biyun kuskure ne, na kuma san ba za ki so a bar su haka ba. Shekara ashirin da bakwai ne. Gidanku kuwa yana ƙetaren gada, a cikin iyakar garin Orwick, can kike biyan haraji, can kike jefa ƙuri'a. A nan Pellworth, inda kika ƙarar da ƙuruciyarki kan 'ya'yanmu, ba ki da ƙuri'a, ba ki kuma da ikon buɗe baki a taron gari. Dokarmu ke nan tun zamanin kakanni: ranar Talatar farko ta watan Maris mutanen gari su hallara su yanke al'amuransu da kansu, wanda ba mai ƙuri'a ba kuwa sai dai ya saurara. Ni aka zaɓa in riƙe wannan doka, kuma na riƙe ta tun kafin in bar aikin lauya.

A kan wannan dokar muka fara sanin juna. Shekarar da kika zo, kika kawo ajinki suka zauna a benen ɗakin taro don su ga yadda ake yi. Ana tsakiyar gardama kan kuɗin gyaran rufin makaranta, wani ya faɗi abin da ba daidai ba, kika ɗaga hannu daga sama. Na buga gudumar katako ta shugaban taro na ce, "Malama, ba ki da izinin magana a nan." Na yi daidai, kuma ko yau haka zan yi. Amma na zaci na yi abokiyar gaba ta har abada. Sai na ji kin juya kin ce wa yaran, da muryar da kowa ya ji, "Kun gani ko? Ni ma ta hau kaina. Ita doka ba ta san malama ba." Da aka tashi cin abinci kika same ni a layin wake da burodin masara, kika ce, "Baba Doka, za ka ara mana gudumar nan ranar Alhamis?" Tun daga ranar sunan ya bi ni. Akwai magidanta masu furfura a garin nan da ba su san ina da wani suna ba.

Tarihin kafuwar ƙasar nan kike koyarwa, da haƙƙin ɗan ƙasa, da sarrafa kuɗi, amma ban taɓa ganin kin raba su uku ba. Kowace kaka kikan raba wa yara kuɗin takarda na aji, su yi aiki a biya su. Sai wata safiya, ba shawara ba sanarwa, ki ɗora musu haraji: kuɗin zama a kujera, kuɗin feƙe fensir, kuɗin leƙa taga. Ki yi ta ƙarawa kina jira. Wani aji su yi haƙuri mako guda, wani aji washegari su tayar da ƙayar baya. Sai sun fusata da kansu, sun ce ba za a tatse su ba a tambaye su ba, sannan ki buɗe littafi ki ba su labarin mutanen Boston da suka zubar da ganyen shayin sarkin Ingila a teku. Wata shekara yaran sun riga ki: suka sace gwangwanin shayinki suka juye shi a rafin bayan makaranta. Kin yi dariya har da hawaye, kika yaba musu, sannan kika sa suka biya kuɗin shayin daga aljihunsu na aji, domin a cewarki tawaye ma yana da farashi, gara su sani tun suna ƙanana.

Ba ki taɓa yi wa magabata kwalliya ba. Duk lokacin da aka karanta yadda suka taru suka yanke shawara, tambayarki ɗaya ce: "To, wa aka bari a waje?" Yara su lissafo: mata, bayi, talakan da ba shi da gona, da mutanen Abenaki waɗanda a ƙasarsu muka kafa wannan gari. Wasu iyaye sun kawo ƙara cewa kina rage wa magabata daraja. Kika amsa cewa wanda ya gina gida ya bar ɗaki ba rufi, jikansa ba zaginsa yake yi ba in ya hau ya rufa.

Batun kuɗi kuwa, kwalba uku kika ba kowane yaro: ta kashewa, ta ajiya, ta kyauta. Da bazara su tafasa ruwan itacen mapul a bayan makaranta, su sayar da zumar a bakin hanya, su zauna su yi gardamar yadda za a raba. Na san wani magidanci da ya je sayen sabuwar motar ɗaukar kaya, har ya ɗauki biro zai sa hannu kan bashin, ya ajiye ya fito. Matarsa ta tambaye shi abin da ya faru, ya ce, "Malama ce ta tsaya mini a kunne: buƙata ce ko sha'awa?"

Akwai abin da kika yi mini ni kaina. Shekarar da matata Edith ta rasu na rufe ƙofa, na gaya wa Bernadette su nemi wani shugaban taro. Ba ki zo kin yi mini wa'azi ba. Sai dai kowace Laraba aka riƙa buga mini waya daga ajinki, wai taron yara ya cije, suna neman hukunci: shin wanda ya kawo shawara yana iya janye ta bayan an goya masa baya? Shin a kan gyara ake fara ƙuri'a ko a kan ainihin batu? Kin san amsoshin nan sarai, ni na koya miki su. Na gane dabarar tun kira na biyu, kin kuma san na gane. Da watan Maris ya zo, na ɗauki gudumata na tafi taro.

Bana kuwa batu na bakwai a jerin taro shi ne ko a rufe makarantar Pellworth a riƙa kai yara babbar makarantar Orwick. Yara sun ragu, haraji ya yi wa mutane nauyi, kuma Wendell Haskins, mai shanun nono na kan tudu, wanda muka yi aji ɗaya da shi tun muna yara, shi ya jagoranci masu neman a rufe. Da an rufe ba abin da za ki rasa: an riga an yi miki alkawarin aji a Orwick, kusa da gidanki ma. Duk da haka ranar Laraba, kwana biyu kafin rasuwarki, kika tsayar da ni a gaban gidan waya kika ce bana za ki nemi izinin magana, karo na farko tun waccan shekarar. Na ce miki ba zan taimaka miki ba, sai wani mai ƙuri'a ya nemi a jingine doka, kashi biyu cikin uku kuma su yarda. Kika ce, "Baba Doka, ai da ka taimake ni da ni zan fara kai ƙararka." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Abin da kika yi niyyar faɗa, ba ki rubuta ba, ba ki gaya wa kowa ba, har mijinki. Kin tafi da shi.

Ina so in ba ki labarin abin da ya faru ranar Talata, domin haƙƙinki ne.

Ɗaki ya cika har bakin ƙofa, amma ban taɓa jagorantar taro mai shiru irin wannan ba. Yaran ajinki suna bene tare da iyaye mata biyu. Da aka zo batu na bakwai, Wendell ya tashi ya yi bayaninsa a taƙaice, ba tare da zafin da ya saba ba. Na tambaya ko akwai mai magana a ɗaya ɓangaren. Ba wanda ya motsa. Duk ke suke jira, Corinne. Sun saba a ce Malama za ta san abin faɗa, sai ga shi ba Malama. Na sake tambaya. Na riga na ɗaga guduma zan kira ƙuri'a, na tabbata kuma makaranta ta tafi, sai na ga hannu a sama, daidai inda naki ya taɓa tashi. Maisie Fortin ce, 'yar shekara goma, 'yar mai gyaran injin noma.

Na ce, "Yarinya, ba ki da izinin magana a nan." Ta ce, "Na sani, Baba Doka. Jira nake." Ba ta sauke hannun ba.

Masu son a bar makaranta a buɗe suka sunkuyar da kai, kowa na gudun a ce ya yi amfani da makoki ya ci ƙuri'a. Sai kujera ta yi ƙara, Wendell ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina neman a jingine doka a saurari yarinyar nan. Kuma Alden, daina hararata, na san yadda ake faɗa, jikana ya koya mini." Aka goya masa baya. Ban ji murya ɗaya da ta ƙi ba.

Maisie ta ce ranar Alhamis, ana gobe Malama za ta rasu, ajinsu ya yi nasa taron a kan wannan batu, kuma ƙa'idar Malama ita ce ba ka faɗin ra'ayinka sai ka fara faɗin na abokin gardamarka, har shi da kansa ya yarda ka yi masa adalci. Don haka ta fara da hujjar masu son a rufe. Ta ce akwai tsofaffi da harajin gida ya sa suke rage wutar ɗumama ɗaki da hunturu, akwai manoma da suka sayar da shanu, kuma a Orwick akwai malamin kiɗa da filin wasa mai kyau. Ta juya ta dubi Wendell ta ce, "Kaka Wendell, na faɗa daidai?" Ya ce, "Kin fi ni faɗa, 'yar nan." Sannan ta faɗi nata, bai kuwa wuce jimla uku ba. Ta ce in an kai su Orwick, iyayensu ba su da ƙuri'a a can, ba mai tambayarsu komai a kan makarantar 'ya'yansu. Ta ce an koya musu a tambaya wa aka bari a waje. Ta ce ita ke nan, ta gode, ta zauna.

Bayan haka bakuna suka buɗe, aka yi gardama ta gaske, mai zafi, har sai da na buga guduma sau da dama. Da aka nemi a tsaya a ƙirga, na bi layi-layi kamar yadda na saba. Ina ƙirgawa ina duban fuskoki. Cikin waɗanda suka tsaya don a rufe, da waɗanda suka tsaya don a bari, kusan duk wanda bai kai shekara arba'in ba ɗalibinki ne. Kowane ɓangare naki ne. Mutumin da ya fasa sayen mota ya tsaya tare da Wendell, ƙanwarsa ta tsaya a ɗaya gefen, kuma ba wanda ya ɓoye fuskarsa. An bar makaranta a buɗe da ratar ƙuri'a shida. Wendell bai canza ra'ayi ba, ya ce baɗi zai sake kawo batun, sannan ya hau bene da gwiwarsa mai ciwo ya ba Maisie hannu.

Ban san ko abin da kika so faɗa ke nan ba. Ba zan ƙaga miki magana ba, ba halina ba ne. Abin da zan iya shaida shi ne kin yi shekara ashirin da bakwai ba ki furta kalma ɗaya da izini a taron garin nan ba, ba ki jefa ƙuri'a ɗaya ba, amma ranar Talata ban ga wanda ya fi ki yawan baki a ɗakin ba.

An yi miki addu'a a coci ranar Laraba. Ƙasa ta daskare, ba ta haƙuwa, don haka kina ɗakin dutse na ajiye gawa a bakin maƙabarta har watan Mayu. Mijinki Normand ya nemi a binne ki a wannan gefen gada, kuma masu kula da maƙabarta sun amince baki ɗaya. Na duba ƙa'idar da kaina, ba ta hana ba. Gudumar tana kan teburinki a aji, na gaya wa yara su riƙe ta har a sami wanda zai zauna a kujerarki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Normand, da 'yarku Elise, da mahaifiyarki Jeannine wadda a tsufanta aka ɗora mata abin da uwa ba ta fatan gani, da 'yan aji biyar, da mutanen Pellworth da na Orwick baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi da ya zo ba sallama. Corinne, Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da alheri kan kowane yaro da kika koya wa ɗaga hannu da jiran izini. Ya sa a inda kika tafi ba a bar ki a waje ba. Mu kuma da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Alden Whitcomb
Shugaban taron gari, Pellworth